Wanda Ya Kwashe Gawawwakin Roba

Mai Sawu yana shan shayin safe a ƙofar gidansa sai ga Ciyaman na ƙungiyar unguwa, yana haki, hula a karkace.

"Baba, taso. An yi sata a filin yaƙi."

"A ina?"

"Filin yaƙin Mai Hoto. An kwashe masa sojoji goma sha ɗaya."

Mai Sawu ya ajiye kofi. Shekara talatin da biyu ya yi yana gadin daji, yana bin sawun ɓarayin katako da maharba. Bayan ya yi ritaya ma ba a bar shi ya huta ba. An kira shi a kan saniya, an kira shi a kan injin ban-ruwa, an taɓa kiransa a kan ƙofar banɗaki da aka cire. Amma soja, yau ne farau.

"Da bindigoginsu aka kwashe su?"

"Na roba ne, Baba, kai ma ka sani. Yi sauri, samari sun riƙe Ɗan Gwangwan, kuma ban ga alamar za su daɗe suna jira ba."

Mai Hoto yana da shagon ɗaukar hoton fasfo a bakin titi, amma zuciyarsa tana wani fegi da ba a gina ba a bayan gidansa. A can yake shirya yaƙi. Mai Sawu ya sha jin labarin a bakin mutane, bai taɓa zuwa ba sai yau.

Wurin bai fi faɗin tabarma huɗu ba. Ga tuddai, ga ramukan ɓuya, ga kogi da aka shafe da yumɓu aka zuba masa ruwa, ga gada ta tsinken ashana. Tankoki biyar, kowace kamar sabulun wanka, suna hawan tudu. Sojoji kuwa ba wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, amma har gumin fuska an zana musu. Mai Hoto yakan kwanta rubda ciki ya ɗora kyamara a ƙasa, ya kunna maganin sauro a bayan tudu don hayaƙi, hoton ya fito kai ka ce wani ne ya sayar da ransa ya shiga fagen daga ya ɗauko.

Yanzu yana tsaye, hannu biyu a ka.

"Wata biyar, Baba. Wata biyar ina yi musu fenti da buroshi mai gashi uku. Da gangan na bar su suka kwana a waje don ruwan sama ya jiƙa ƙasar, taɓon ya zama na gaske. Gobe ake rufe gasar hoton da na shiga, yau da la'asar zan ɗauki hoton ƙarshe. Na fito da safe na ga wannan."

A gefe an zaunar da Ɗan Gwangwan, mai yawo da baro yana sayen tsofaffin ƙarafa. Leɓensa ya kumbura. Wani saurayi ya ɗaga wata 'yar motar soja da ta karye, ya ce a baronsa aka same ta. Ciyaman ya ce ya roƙi samari su saurara zuwa faɗuwar rana. In ba a gano komai ba, za a miƙa mutumin ga 'yan sanda, rumfarsa kuma ba ya iya lamuncewa za ta kwana a tsaye.

Mai Sawu ya kori kowa baya, ya tsuguna.

Ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya bi wani layi biyu da ido, ya ce, "An ja wani abu mai nauyi daga nan zuwa can."

"Sawun tanka ne. Ni na yi shi da guntun sarƙar keke," in ji Mai Hoto.

"To nan an danna da babban yatsa, sau shida."

"Ramin bam ne. Yatsana ne."

"Nan kuma an share ƙasa da tsintsiya mai laushi. Ɓarawon ya san abin da yake yi."

"Ni na share, Baba. Kullum sai na share sawuna, kar ƙafar ƙato ta fito a hoto."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya. Mai Sawu ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Duk abin da ya taɓa a wurin nan, wani ne ya zauna ya ƙirƙira shi don ya yaudari ido. Waje kuma, inda ƙasar gaskiya take, 'yan kallo sun tattake ta kamar an ci kasuwa.

Sai can ta bayan tudun, inda ba a tsayawa, ya sami taku uku. Takalmin soja ne, babba, lamba arba'in da huɗu ko da biyar. Ya auna tsakanin taku da taku da sandarsa, ya sake aunawa. Mai wannan ƙafar ya kamata ya zama dogo mai nauyi, amma takun gajere ne, kuma bai nutse a taɓo ba. Gaban takalmin ma da ƙyar ya taɓa ƙasa. Kusa da su akwai wasu ramuka biyu masu faɗi. Gwiwoyi. Mutumin ya durƙusa, kuma ya daɗe.

"Waɗanne aka ɗauka?"

Mai Hoto ya nuna masa guraben ɗaya bayan ɗaya. Biyu a bakin gada, huɗu a cikin rami, sauran a gangaren tudu.

"Me suke yi kafin a ɗauke su?"

"Ba sa yin komai. Matattu ne. Waɗanda aka harbe."

"Masu rai fa?"

"Ko ɗaya ba a taɓa ba. Tankar can ita kaɗai ta fi su duka daraja, ga ta nan."

Mai Sawu ya cire hula ya sosa kai. Ɓarawon da zai bar tanka ya ɗauki gawa, bai taɓa bin irinsa ba.

Ya fara da Ɗan Gwangwan. Silifas ne a ƙafarsa, ɗaya ja ɗaya shuɗi.

"Baba, wallahi tallahi ban taɓa su ba." Ya zaro maganaɗisu daga aljihu. "Ka ga wannan? Duk abin da bai kama ba, ba sana'ata ba ce. Roba in kai wa wa? In ɗora a sikeli a yi mini dariya?"

"Motar fa?"

"A kwandon sharar gidansa na tsince ta shekaranjiya. Ƙarfen tayoyin na gani. Shekarata tara a unguwar nan, ko cokali ban taɓa ɗauka ba. Amma duk abin da ya ɓace, sai a ce ina mai baro."

Matar Mai Hoto tana tankaɗen gari a tsakar gida da wata tsohuwar rariya mai faci. Ba ta jira ya gama tambaya ba.

"Na faɗa, Baba, ba zan musa ba. Na ce wata rana sai na zuba su a murhu gaba ɗaya. Ka ga rariyata sabuwa? Yashi yake tacewa da ita. Kabad ɗin kwanukana ya zama bariki. Jiya na nemi audugar kunne, wai ta zama hayaƙin igwa. Amma in ni ce, ai da tankokin zan fara, su ne suke cin wuri."

"An sami motarsa a shararki."

Ta ajiye rariya, ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Takawa na yi, ban gani ba. Na tura ta ƙasan shara kafin ya dawo. Don Allah Baba, kar ka faɗa masa."

"Saboda ita aka fasa wa bawan Allah baki."

Ta sunkuyar da kai. Ya dubi ƙafarta. Ƙarama ce, za ta iya shiga babban takalmi ta yi iyo a ciki. Amma tana da tsohon ciki, kuma mai ciki takan buɗa ƙafa in tana tafiya. Taku ukun can a miƙe suke. Ya fito kansa ya fi ɗaurewa.

Mutum ɗaya ne a layin yake sa takalmin soja kullum. Kofur, tsohon soja, mai gadin sito da ke kallon fegin. An kuma shaida wa Mai Sawu cewa jiya shi da Mai Hoto sun yi cacar baki a gaban mutane.

Ya same shi a kan benci yana gyaran rediyo. Ya ce ya tashi ya taka a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kofur ya taka ba musu. Girman ɗaya ne, zanen ƙasan takalmin ma ɗaya ne. Amma nasa ya nutse kamar an dasa turmi, kuma takunsa ɗaya ya kusa biyun wancan.

"Yi sanɗa in gani."

"Da wannan gwiwar? Malam, ko kaza ba zan iya yi wa sanɗa ba."

"Me ya haɗa ku jiya?"

"Gaya masa na yi yaƙinsa ƙarya ne. Ya watsar da mutane a tudu kamar shanyar wanki, 'yan uwansu suna wuce su ko waiwaye babu. Na ce ina masu gadon ɗaukar marasa lafiya? Ina wanda ya tsaya ya ja abokinsa? Ya ce wai hakan ya fi kyau a hoto." Ya tofar da yawu. "Amma ban taɓa masa kaya ba. Na gama ɗaukar gawa a rayuwata, ko ta roba ce."

"Da asuba ba ka ga kowa ba?"

"Yayyafi ake yi, ina cikin ɗakin gadi. Na dai ji tafiya, fat, fat, irin ta wanda takalmi ya yi wa yawa." Ya ɗago ya dube shi. "Kai ma da ka ga wurin nan ba ka ji komai ba? Kai da naka ya tafi bai dawo ba?"

Mai Sawu ya ɗauki sandarsa. Auta, ɗansa na ƙarshe, soja ne, shekara takwas ke nan da rundunarsu ta shiga wani daji aka yi musu kwanton ɓauna. Takarda kawai aka aiko, mai layi huɗu, wai ba a gan shi ba, a raye ko a mace. A gidan ba a zancen. Ya yi wa Kofur sallama ya wuce.

Da azahar ya koma gida da hannu biyu babu komai. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ajiye masa abinci ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake.

"An samu?"

"Ina fa. Ƙafar ƙato, tafiyar yaro, nauyin tsuntsu. Ko dai tsufa ya fara cin idona, ko aljani ne ya shiga soja."

Ba ta yi dariya ba. "Shi mai baron, me za su yi masa?"

"In rana ta faɗi ban kawo kowa ba, shi za su ba 'yan sanda."

"A kan roba?"

"A kan roba, 'yar tsohuwa."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Shi kuma ya ci loma uku ya wanke hannu.

Da ya koma fegin, rana ta karkata. Mai Hoto na zaune a kan bokiti ya zuba wa yaƙinsa ido. Mai Sawu ya sake zagayawa a hankali, wannan karon da rarrafe. A bakin kogin ƙarya, inda yumɓu mai laushi ya malalo, ya ga rabin dunduniyar takalmin. Yumɓu ba kamar yashi ba ne, komai ƙanƙantar abu yana riƙewa. Akwai wani abu a jikin sawun, amma ya matso ya ja baya, ya runtse ido ɗaya, abin ya ƙi fitowa.

"Wannan na'urar taka, tana ganin abin da ido bai gani ba?"

Mai Hoto ya ɗan farfaɗo. Ya canja gilashin kyamara, ya kwanta rubda ciki, ya ba Mai Sawu wani farin kwali ya riƙe don hasken ya shigo ta gefe. Ƙyas. Ya miƙe ya buɗa hoton da yatsu biyu har dunduniyar ta cika fuskar kyamarar, ta zama kamar gona an hango ta daga sama.

Faci ne. An yanko guntun taya an liƙa a gefen dunduniyar, an ɗinke. Ɗinkin ba na masu gyaran takalmi ba ne. Biyu a jere, ɗaya a gicciye, biyu a jere, ɗaya a gicciye, irin wanda masu gadin daji suke yi wa jakar ruwa don kar ta yoyo.

Mai Sawu ya ƙura wa ɗinkin ido. Ya san basillar da ta huda wannan taya. Ya san ranar. Auta ya zo hutunsa na ƙarshe da takalmi ya buɗe baki, shi kuma ya zauna a ƙofar gida ya gyara masa. Yaron ya ɗaga takalmin yana dariya, ya ce, "Baba, in na shiga fareti da wannan, sai an sa ni tsallen kwaɗo har dare." Ya tafi da sabo, ya bar wannan a ƙarƙashin gado.

Na ɗan lokaci wani tunani ya zo masa. Ko ya dawo? Ko yana nan yana yawo da asuba, ya rame, ba ya cikin hayyacinsa? Sai sandarsa ta tuna masa gajeren takun.

"Baba, ka ga wani abu?"

"A'a. Taɓo ne kawai."

Inna ba ta nan da ya shiga gida. Ya durƙusa ya jawo takalman daga ƙarƙashin gado. An wanke su tas, cikinsu da sauran danshi, an cusa tsumma a gaba don su kama ƙafa. Ya fita bayan ɗaki. Nan ba ya buƙatar kyamara. Sawun ƙafarta ne ba takalmi, wanda ya sani shekara arba'in da ɗaya, ya nufi gindin lemun tsami. A can ya ga ƙananan tuddai a jere, kowane kamar tafin hannu, an daidaita su an yayyafa musu ruwa. Ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ya daɗe a tsaye. Bai san ko matarsa ta zautu ba ne shi yana gida ɗaya da ita bai lura ba. Bai san abin da zai je ya faɗa wa mutane ba. Bai ma san ko abin da ke gabansa sata ne ba.

Kafin magariba kowa ya hallara a fegin. Ciyaman a kan kujera, Mai Hoto da matarsa, Kofur da rediyonsa, Ɗan Gwangwan a ƙasa, samari sun yi masa zobe. Mata da yara sun cika bakin katanga.

Mai Sawu ya gyara murya. Ya ce Kofur ya fi sawun nauyi. Ya ce matar Mai Hoto ba haka take taka ƙasa ba. Ya ce motar da aka gani a baro daga shara ta fito, kuma wadda ta jefa ta tana nan, in ta ga dama ta yi magana. Matar Mai Hoto ta ce, "Ni ce," tana kallon ƙasa. Mijinta ya juyo ya dube ta.

"To wa ya ɗauka?" in ji Ciyaman.

"Sawun ya hau kwalta. Ya ɓace mini."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Ba a taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

"Ai shi ke nan," in ji saurayin da ya riƙe motar. "Mai yawo a bola zai rasa tsohon takalmin soja? Ya sa, ya yi satar, ya jefar. Ku ɗaga shi!"

"Na ce ba shi ba ne!"

"To wane ne, Baba? Faɗi sunansa mu sake shi."

Suka ɗaga Ɗan Gwangwan ta wuyan riga. Silifas ɗinsa ja ya fita. Mai Sawu ya dubi mutumin, ya dubi hanyar gidansa.

"Ku cika shi."

Inna ce ta ratso ta cikin mata, takalman soja a hannunta, ta riƙe su ta igiya. Ta ajiye su a gaban Ciyaman.

"Ni na ɗauka. Da waɗannan na zo, saboda taɓo. Malam ya sani, kunyata yake ji."

Ba wanda ya yi motsi. Mai Hoto ne ya fara samun murya. "Inna? Ke? Me za ki yi da su?"

"Binne su na yi."

Wani yaro ya fara dariya, uwarsa ta make shi.

"Na san roba ne, ɗana, ba hauka nake ba. Jiya zan wuce lambu na tsaya kallo. Na ga wani a gangaren tudun can ya faɗi rubda ciki, hannu ɗaya a miƙe, hularsa a gefe. Ba a ganin fuskarsa. Na tambaye ka yaushe za a kwashe su, ka ce sai sun kwana ruwa ya dake su." Ta gyara mayafinta. "Ruwan ya sauko ina kwance ina jinsa a kan kwano. Shekara takwas duk ruwan da aka yi sai na ce ko yana dukan Auta. Wancan ban san inda yake ba. Wannan na sani. Shi kaɗai na zo ɗauka, da na durƙusa kuma sai na kasa barin sauran."

Kofur ya kashe rediyonsa. Ya miƙe a hankali, da gwiwar tasa da komai, ya tsaya ƙyam.

Inna ta juya wajen Ɗan Gwangwan, ta ɗauko silifas ɗinsa ta durƙusa ta ajiye masa a gaban ƙafa. "Tun safe na ji an kama ka, na yi ta cewa Malam zai wanke ka ba sai na fito ba. Na bari aka dake ka saboda kunya. Ka yafe mini."

"Haba Inna, tashi, don Allah tashi," ya ce, yana goge ido da bayan hannu. "Ya wuce." Sai ya dubi samarin. "Ku kuma ban ce na yafe muku ba. A kawo mini barona."

Aka kawo baron da gudu. Ciyaman ya sa saurayin ya ba shi haƙuri sau biyu, don na farkon bai fito da kyau ba.

Mutum huɗu ne suka je gindin lemun tsamin, Mai Hoto da Kofur da masu gidan. Inna ta tone da hannunta. Kowane soja an naɗe shi da ƙyallen farin yadi, an ɗaure da zare. Mai Hoto yana karɓa yana warwarewa, yana dubawa a sauran hasken da ya rage. Ko ƙwarzane babu. Da aka zo kan tudu na ƙarshe, ta tsaya.

"Wannan ne?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

Ya dubi goman da ke cikin hularsa, ya dubi sama. Hasken da yake jira ya riga ya tafi. "Bar shi, Inna. Goma sun ishe ni. Da sassafe zan ɗauka." Ya juya wajen Kofur, yana sosa ƙeya. "Gadon nan na ɗaukar marasa lafiya, mutum nawa ke riƙe shi?"

"Biyu in an matsu, huɗu in da hali. Samo tsinken ashana da ƙyalle, in nuna maka. Kuma ka daina sa mai igwa a gaban rami, kowa zai iya kashe shi."

Suka fita suna gardama.

Mai Sawu ya zauna a kan turmi. Inna tana mayar da ƙasa cikin ramukan goma, tana lallashe ta da tafin hannu.

"Kin ba ni wahala yau," ya ce. "Na zaci idona ne ya mutu."

"Da ka tambaye ni da azahar, da na faɗa maka."

"Ban san ke zan tambaya ba."

Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka nemo wa mutane shanu, ka nemo musu tumaki. Ban taɓa tambayarka ba, Malam. Shi Auta me ya sa ba ka je nemansa ba?"

"Na je." Ya dubi tudun da ya rage. "Lokacin da na ce miki zan raka masu auna daji, wata biyun nan. Can na tafi. Na kai har inda aka yi abin. Damina biyu ta riga ta wuce a kai, ciyawa ta fi ni tsawo. Kwana goma sha tara ina rarrafe. Ko maɓalli ban samu ba. Na rasa yadda zan dawo in ce miki ni ne ban samu ba, sai na yi shiru."

Ta juyo ta dube shi sosai, kamar yau ta fara ganinsa. Ta karkaɗe hannuwanta, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da turmin, kafaɗarta na taɓa gwiwarsa. Tun ranar da takardar ta zo, duk wanda ya shigo da niyyar gaisuwar rashi sai ta tare shi a ƙofa ta ce ba a yi mutuwa a gidan nan ba.

"Gobe ka aika wa yayyensa," ta ce. "Ka faɗa wa Ciyaman ya sanar da unguwa. Duk mai son yi mana gaisuwar Auta, ya zo. Zan zauna."

"To," ya ce.

Ta miƙe ta shiga ɗaki ta fara fito da tabarmi.